Yadda A Ke Kiwon Jirgin Ruwa

Ya kai mai karatu, watakila ka ce, "Ni mutumin Dawanau ne, ina ruwana da jirgi? Hatsi na sani." To, saurara. Tun da aka datse Tiga a 1974, daga baya kuma aka datse Watari a ƙasar Bagwai, manoma da yawa na ƙasar Kano sun koyi su da fito. Ko ba ka da kwalekwale, wata rana kai ko ɗanka za ku shiga na wani.

Ka sani, jirgi a kan tudu ya ke fara lalacewa. Maƙiyansa uku ne, watau gara, da rana, da danshi.

Na fari, idan ka fid da shi daga ruwa, kada ka bar shi a ƙasa, gama gara ba ta barci. Ka kife shi bisa duwatsu a inuwa, yadda iska za ta ratsa ƙarƙashinsa.

Na biyu, iskar hunturu da zafin bazara su kan busar da katako har ya tsuke, mahaɗinsa ya buɗe. Ka bi kowace tsaga ka cusa auduga, ka shafe da kwalta. Kafin ka ɗauki kowa, ka bar jirgin ya kwana biyu cikin ruwa, domin katakon ya kumbura ya kama juna.

Na uku, igiya. Ta rama, idan aka naɗe ta da danshi, sai ta ruɓe daga ciki, ido bai gani ba. Ta roba kuwa rana ce ke cinye ta. Ka wanke yashin da ya shiga cikinta, ka shanya a inuwa, sa'an nan ka rataye ta a ɗaki inda ɓera ba ya kaiwa.

Masuntan kudancin Indiya sun daɗe da gane wannan. Jirginsu gumagumai ne da a ke ɗaurewa da igiya, a kafa zane a kai, iska ta tura. In sun komo daga teku, sai su kwance gumaguman su shanya su, don kada su sha ruwa su yi nauyi.

Amma ko jirgin ya ƙi zubar ruwa, yana da iyakar abin da zai ɗauka. Ran 30 ga Nuwamba 2021 wani jirgi ya taso daga Badau zuwa Bagwai, an cika shi fiye da kima, ya kife a ruwan Watari. Mutum 29 ko fiye suka rasu, yawancinsu yara 'yan makarantar Islamiyya. Allah ya jiƙansu. Idan jirgi ya cika, ka ce ya cika, ko da wa ke roƙonka.

Tambayoyi
1. Don me a ke kife jirgi bisa duwatsu?
2. Me ke ɓata igiyar rama?
3. Don me a ke jiƙa jirgi kafin a ɗauki mutane?