Matsugunin Wucin Gadi: Ma'aunin Shari'a da Aikin Hubusi

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, darasinmu na bana ya shafi saɓanin da kan taso a lokacin marka. Gidajen ƙauyukanmu, daga Kiyawa zuwa Gogori, daga Romo zuwa Rimin Dako, galibi ginin ƙasa ne, kuma idan ruwan Agusta ya jera kwanaki sai katangu su jiƙe su zube. Abin da hukuma ta fi saurin yi a ƙasar nan shi ne buɗe azuzuwan firamare ta zuba waɗanda suka rasa muhalli. Daga nan gardama ke farawa. Jami'i ya ce ai an ba su rufi. Magidanci ya ce an haɗa matarsa da 'yan matansa da baƙin maza, ba labule, ba wadatar makewayi. Shugaban makaranta kuma na lissafin ranar komawar ɗalibai a Satumba. Kowa na da hujja, domin ba a taɓa zama an yarda da abin da ake kira matsuguni ba.

Malamai sun riga mu magana a kan wannan. Ibn Hazm, malamin Andalus da ya rasu a 1064, ya bayyana a littafinsa Al-Muhalla cewa idan zakka ba ta wadatar ba, wajibi ne mawadatan kowane gari su ɗauki nauyin matalautansa, har da mazaunin da zai kare su daga ruwan sama da zafin rana da idon masu wucewa. A lura da sharaɗin ƙarshe. Aya ta 58 ta Suratun Nur ta umarci ko yaran gida su nemi izini a lokuta uku kafin shiga wurin manya, hadisi kuma ya yi umarni da raba wa yara makwanci idan sun kai shekara goma. Saboda haka, magidancin da ke kuka da rashin sutura ba butulci yake yi ba, haƙƙinsa yake nema.

Ƙungiyoyin agaji na duniya ma suna da ma'auninsu, wanda ake kira Sphere: aƙalla murabba'in mita 3.5 na wurin kwana ga kowane mutum, makewayi ɗaya ga mutum 20, da lita 15 ta ruwa ga mutum a kullum. Waɗannan alƙaluma rai suke karewa. Bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a ranar 10 ga Satumba, 2024, an tsugunar da ɗimbin mutanen Maiduguri a sansanoni da makarantu, kuma a watan Oktoba gwamnatin Borno ta sanar da ɓarkewar kwalara. Mu da ke zaune a bakin madatsar Watari ya kamata mu ɗauki darasi.

To, da wace dukiya za a cika wannan ma'auni? Wanda gidansa ya rushe da rumbunsa ya shiga sahun matalauta da miskinai, biyu daga cikin rukunai takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa, don haka ana iya damƙa masa zakka ya kama haya ko ya ta da katangarsa. Sai dai a mazhabar Malikiyya ana raba zakka ne nan take a inda ta wajaba, ba a ajiye ta, ba a kuma gina kayan jama'a da ita. Zakkar hatsi kuwa da kaka take fita, alhali gidaje da marka suke faɗuwa, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa.

Hubusi, wato waƙafi, shi ke cike wannan giɓi. Ya zo a Sahihul Buhari cewa Zubairu ɗan Awwam, Allah Ya yarda da shi, ya tsayar da gidajensa sadaka, ya ba 'ya'yansa mata da aurensu ya mutu damar zama a ciki, wadda kuma ta sake yin aure haƙƙinta ya ƙare. Wannan matsugunin wucin gadi ne mai sharaɗin shiga da na fita. Sannan malaman Malikiyya ba su sharɗanta dawwama a hubusi ba: mutum na iya hubusantar da amfanin gidansa na ƙayyadadden lokaci, wa'adi na cika ya koma hannunsa. Ɗan Bagwai da ke zaune a Kano ko Legas, ɗakinsa na gida a kulle, zai iya ba da shi na wata uku ba tare da ya rabu da gadonsa ba.

Muna roƙon kwamitocin masallatai su yi aiki tun da rani. Su rubuta ɗakunan da babu kowa a ciki, su nemi masu su, a rubuta takardar hubusi da shaidu, a bayyana wa'adi da wanda zai yi gyara. Su zauna da masu unguwanni da dagatai da jami'an ƙaramar hukuma, a amince da ma'auni guda: iyali ɗaya a ɗaki ɗaya, makewayin mata daban, ruwa mai tsafta a kusa, da ranar fita da kowa ya sani. Inda babu makawa sai aji, a raba shi da zana ko labule. A fara da zawarawa da marayu da masu ciki da tsofaffi. Masu ba da gudummawa kuma su ware wani abu na sadaka da sunan kwano da buhunan siminti, domin iyalin da aka taimaka ya ta da ɗakinsa shi ne zai bar wa wani wuri.

Allah Ya karɓi ayyukanmu, Ya suturta wanda ya suturta ɗan'uwansa. Allah ne Mafi sani.