Zaɓen Kujera da Gado Masu Ƙarko

Kayan ɗaki ba kullum ake sayensu ba. Magidanci yakan sayi gado sau ɗaya ya yi shekaru yana kwana a kansa. Uban amarya kan sayar da hatsi ko dabba kafin ya haɗa wa 'yarsa gado da kujeru da sif. Amma idan muka shiga shago, yawancinmu yadin kujera muke kallo da ƙyallin fenti. Abin da ke riƙe kujera kuwa yana ciki, ba a ganinsa sai an kifa ta.

Mu fara da katako. Wanda ya zaga 'Yan Katako a Na'ibawa ta Kano, ko kasuwar Katako ta Yamai, ya san katako iri-iri ne. Mafi yawan wanda ake sayarwa a arewacin Najeriya daga dazuzzukan kudu ake kawo shi. Akwai obeche, fari ne, marar nauyi, mai sauƙin aiki, shi ya sa yake da arha. Sai dai yana da taushi, ƙwari kuma suna son sa. Akwai maɗaci, mai ja-ja, mai nauyi. Akwai iroko, wanda gara ba ta cika samun sa'arsa ba. Malaina tana tsakiya wajen tauri. Gwajin taurin katako ba wuya: danna farcenka a wurin da ba a shafa fenti ba. In farce ya shiga ya bar shaida, katakon mai taushi ne. Zai iya yin bayan sif, amma bai dace da ƙafar kujera ko ta gado ba.

Ko da katakon mai kyau ne, dole ya bushe kafin a yi aiki da shi. A nan ake cutar mutane da yawa. Ɗanyen katako cike yake da ruwa. In kafinta ya haɗa kujera da shi, a ranar za ka gan ta daram. Da hunturu ya shigo, iska ta busar da ruwan, sai katakon ya tsuke, ya lanƙwashe, ya tsage. Mahaɗa ta saki, kujera ta fara ƙara in an zauna. Ɗanyen katako yakan yi sanyi a tafin hannu, ya kuma fi busasshen irinsa nauyi. Duba kuma ko akwai ƙananan ramuka da gari mai laushi yana zuba daga ciki. Wannan aikin ƙwaro ne, kuma bai gama ci ba.

Yanzu kasuwa ta cika da gadaje da sif na MDF. Wannan ba katakon da aka tsaga daga itace ba ne. Niƙaƙƙen itace ne aka cakuɗa da gam, aka matse da inji, aka manna masa fuska mai sheƙi. Yana da kyan gani, ba musu. Amma ba ya shiri da ruwa. In ruwan wanke ɗaki ya taɓa gindinsa, sai ya kumbura ya fara marmashewa, ba ya kuma komawa yadda yake. In an kwance shi an sake ɗaurawa sau biyu ko uku, ramukan ƙusoshin kan faɗaɗa su daina riƙewa. Mai zaman haya, wanda yau yana wannan unguwa baɗi yana waccan, ya yi tunani sosai kafin ya saya.

Sai mahaɗa. Ka ce wa mai shago, “Malam, kifa mini kujerar nan in ga ƙasanta.” Mai kaya nagari ba zai ƙi ba. Mahaɗa mai ƙarfi ita ce wadda aka huda katako ɗaya, aka sassaƙe bakin ɗayan, aka zura shi ciki da gam. A kowace kusurwa kuma ya kamata a ga guntun katako da aka tokare ta da shi. Kujerar da ƙusa kaɗai ke riƙe da ita ba za ta jure hawan yara da saukarsu ba. Kama ta ka girgiza. In ta yi rawa a shago, a gida sai abin da ya ƙaru.

Kada ka ji kunyar zama. Zauna sosai, ka jingina, ka ɗan jima. Tafin ƙafarka ya taka ƙasa, bayanka ya sami madafa. Kujerar cin abinci ko ta karatu takan kai inci 18 daga ƙasa, teburinta kuma inci 30. Kushin da mutum ke nutsewa ciki yana da daɗi da farko, amma tashi daga cikinsa wahala ne ga tsoho da mai ciki da mai ciwon gwiwa. In akwai dattijo a gida, a nemi mai ɗan tauri da wurin dafa hannu.

Soso ma haka. Danna shi da tafin hannu ka saki. Mai kyau yakan taso nan take. Wanda ya bar rami zai lotsa cikin 'yan watanni, har ka riƙa jin katako a ƙarƙashinka. Arha ba ta ado, balle a katifa, inda bayan mutum ke kwana. Yadi kuwa, a ƙasarmu ta zafi da ƙura, gara mai kauri wanda ba ya nuna datti. Ledar da ake yi kamar fata takan sa gumi, ta kuma yi ta saɓulewa in ta sha zafi.

Kafin ka bar gida, auna ɗakin, ka auna ƙofa. Ko igiya ta isa awo. Gado mai ƙafa 6 da 6 ya sha cinye ɗakin amarya har a rasa wurin shimfiɗa darduma. In kayan gwanjo za ka saya, haska lungunansu da tocila saboda kuɗin cizo. In gadon ƙarfe ne, duba wuraren walda da tsatsa.

In kuma ba da aiki za ka yi, ku yi magana da kafinta a gaban shaida: wane katako, wane soso, wace rana. Je ka ga ƙashin kujerar kafin a rufe ta da yadi, ka kuma riƙe cikon kuɗi sai aiki ya kammala. In kaya sun iso gida, kada a manna su da bango, musamman bangon ƙasa. A bar tazarar da tsintsiya za ta shiga, a riƙa leƙawa da damina ko gara ta fara gini.