Darasi na 14: Gayyar Zamani da Tsarin Shugabancinta

Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana sa ran ɗalibai za su iya bayyana yadda ƙungiyar 'yan sa-kai take raba muƙamai da yanke shawara, su yi amfani da kalmomin shugabanci da na zaɓe a cikin jimloli, sannan su gane lokaci sabau a cikin rubutu.

Shimfiɗa

Hausawa suna da wata al'ada da ake kira aikin gayya. Idan noma ko gini ya fi ƙarfin mutum ɗaya, sai ya gayyaci maƙwabta da abokai su taya shi. Ba a biyan kowa lada, sai dai a ci abinci a yi godiya, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gayyar gona takan ƙare a yini ɗaya, kuma mai gona ne yake faɗin inda za a fara. To, yaya za a yi da gayyar da ta haura shekara 30 ana yi, wadda ba ta da mai gona, kuma mahalartanta suna warwatse a ƙasashe daban-daban? Ku karanta wannan bayani a kan Debian, ku ga yadda aka warware matsalar.

Asalin Debian

Kowace kwamfuta tana buƙatar babbar manhaja, wato wadda take sarrafa na'urar gaba ɗaya, sauran manhajoji kuma su yi aiki a kanta. Wasu kamfanoni sukan ɓoye tushen manhajarsu, ba mai ganin umarnin da aka rubuta a ciki sai ma'aikatansu. Akwai kuma manhaja mai 'yanci, wadda kowa yake da damar ya yi amfani da ita, ya duba tushenta, ya gyara, ya kuma rarraba wa wasu. Richard Stallman ne ya ɗaga tutar wannan ra'ayi a Amurka a shekarar 1983 da wani aiki mai suna GNU. A 1991 kuma wani ɗalibi a ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya rubuta Linux, wadda take zama zuciyar babbar manhaja.

A ranar 16 ga Agusta, 1993, Ian Murdock, wanda yake ɗalibi a Jami'ar Purdue ta Amurka, ya sanar da cewa zai harhaɗa waɗannan sassa su zama cikakkiyar babbar manhaja. Ya sa mata suna Debian, daga farkon sunan budurwarsa Debra da nasa sunan. Ya buɗe ƙofa ga duk mai son taimakawa. A yau aikin yana da cikakkun mambobi kimanin 1,000, kuma yana ɗauke da ƙunshin manhajoji sama da 50,000. A kansa ne aka gina wasu manhajoji da dama, ciki har da Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya kafa a 2004.

Takardu Biyu

Da farko, abin da shugaba ya faɗa shi ake bi. Da jama'a ta yi yawa, sai aka ga dole a rubuta dokoki. A 1997, a zamanin shugabancin Bruce Perens, aka amince da wata takardar alkawari tsakanin Debian da al'umma. A cikinta mambobi sun yi alkawarin cewa manhajar za ta ci gaba da zama mai 'yanci, ba za su ɓoye kurakuranta ba, kuma buƙatun masu amfani da ita za su sa a gaba. A watan Disamba na 1998, a zamanin Ian Jackson, aka amince da kundin tsarin mulki. Takardar farko ta faɗi manufar tafiyar, ta biyu ta faɗi wanda yake da ikon yanke wace shawara.

Akwai wata ƙa'ida a farkon kundin da ya kamata ku lura da ita. Ba a tilasta wa kowa yin wani aiki. Wanda ba ya son aikin da aka ba shi yana iya barinsa, amma ba shi da damar ya yi wa hukuncin da aka yanke bisa doka zagon ƙasa. Dalili kuwa a fili yake: wanda ba a biyansa albashi, ba za a iya yi masa barazanar kora ko yanke albashi ba. Saboda haka shugabanci a irin wannan wuri ya dogara ne a kan lallashi da hujja.

Masu Riƙe da Muƙamai

Na farko shi ne mamba mai kula da ƙunshi. Kowane ƙunshin manhaja yana da mutum ɗaya ko rukunin mutane da suke kula da shi, kuma su ne suke yanke yawancin shawarwarin da suka shafe shi. Ba a zama mamba a dare ɗaya. Mai nema yakan daɗe yana taimakawa tukuna, wani tsohon mamba ya tsaya masa, a tabbatar da ko shi wane ne, sannan a jarraba fahimtarsa ta manufofin ƙungiyar da ƙwarewarsa. Tun daga 2010 akan karɓi masu fassara da masu rubuta bayanai da masu shirya taro a matsayin cikakkun mambobi, ko da ba su kula da wani ƙunshi.

Na biyu shi ne shugaba. Mambobi sukan zaɓe shi kowace shekara, kuma duk mamba yana iya tsayawa takara. A zaɓen 1999, Wichert Akkerman ne ya yi nasara. Daga 2020 zuwa 2024 Jonathan Carter na Afirka ta Kudu ne ya riƙe muƙamin. Shugaba yakan yi magana da yawun ƙungiya, ya ba da izinin kashe kuɗin da aka samu ta hanyar gudummawa, ya kuma naɗa wakilai. Amma ikonsa taƙaitacce ne. Idan ya danƙa wa wakili wata shawara, wakilin kuma ya yanke ta, shugaba ba zai iya soke ta ba. Kuɗin ma ba a hannunsa suke ba, wasu amintattun ƙungiyoyi masu rajista ne suke ajiye su.

Na uku shi ne sakatare, wanda yake gudanar da zaɓe, ya ƙidaya ƙuri'u, ya kuma fassara kundin idan an yi saɓani a kan ma'anarsa. Na huɗu shi ne kwamitin fasaha, wanda mambobinsa ba sa wuce 8. Idan mambobi biyu suka kasa daidaitawa a kan wani al'amarin fasaha, nan ake kai ƙara. Kwamitin yana iya soke hukuncin mai kula da ƙunshi, amma sai da rinjayen ƙuri'a uku a kan kowace ɗaya.

A saman duk waɗannan akwai taron mambobi gaba ɗaya. Idan mamba ya gabatar da ƙuduri, wasu biyar suka mara masa baya, akan tattauna a fili, sannan a kaɗa ƙuri'a. Ta wannan hanya mambobi suna iya soke hukuncin shugaba da rinjaye kawai, na kwamitin fasaha da rinjayen biyu a kan ɗaya, su kuma gyara kundin da rinjayen uku a kan ɗaya. Gwargwadon nauyin al'amari, gwargwadon rinjayen da ake nema.

Yadda Ake Kaɗa Ƙuri'a

A zaɓen da kuka saba gani, mutum yakan dangwala wa ɗan takara ɗaya ne kawai. A Debian, mai zaɓe yakan jera zaɓuɓɓukan daga wanda ya fi so zuwa wanda ya fi ƙi. Sai a gwada kowane zaɓi da kowane, biyu-biyu, a ga wanda mutane suka fi fifitawa. Wanda ya kayar da duk sauran shi ne ya ci. Ana danganta wannan hanya da Condorcet, wani masanin lissafi ɗan Faransa na ƙarni na 18. Amfaninta shi ne, ra'ayoyi biyu masu kama da juna ba za su raba ƙuri'a har na uku da yawancin mutane ba sa so ya wuce ba. A takardar zaɓen shugaba ma akwai gurbin da mai zaɓe zai nuna cewa bai yarda da ko ɗaya daga cikin 'yan takarar ba.

Ranar da Aka Gwada Tsarin

Tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa. Idan aka kunna kwamfuta, akwai wata manhaja da take fara tashi, sannan ta tayar da sauran. Wadda Debian take amfani da ita ta tsufa, sai aka rabu a kan wadda za ta gaje ta. Wasu suna son systemd, wasu suna son Upstart, wadda Ubuntu take amfani da ita a lokacin. A ƙarshen 2013 aka miƙa maganar ga kwamitin fasaha. Bayan watanni ana muhawara, a Fabrairu 2014 aka kaɗa ƙuri'a, aka yi kunnen doki, huɗu da huɗu. Shugaban kwamitin, Bdale Garbee, ya yi amfani da ƙuri'ar raba gardama da kundin ya ba shi, ya zaɓi systemd.

Ƙura ba ta lafa ba. Ian Jackson, wanda yake cikin kwamitin, ya kai ƙuduri gaban mambobi domin a hana sauran ƙunshin manhajoji dogara a kan systemd kaɗai. A Nuwamba 2014 mambobi suka yanke cewa ba a buƙatar wani sabon ƙuduri. A wannan watan ne mutum uku suka sauka daga kwamitin, har da shi Jackson, wani tsohon mamba mai suna Joey Hess kuma ya bar ƙungiyar baki ɗaya. Wasu da ba su gamsu ba suka ɗauki tushen manhajar, kamar yadda 'yancinta ya ba su dama, suka kafa tasu mai suna Devuan. Debian ta 8 ta fito da systemd a Afrilu 2015, Devuan kuma ta fitar da kammalallen bugunta na farko a 2017.

Wannan rikici ya nuna ƙarfin tsarin da kuma rauninsa. An yanke hukunci bisa doka, an ɗaukaka ƙara bisa doka, aiki kuma bai tsaya ba. Amma an yi asarar ƙwararrun mutane waɗanda gardama ta gajiyar, kuma ɗan sa-kai idan ya tafi, ba a iya sayo madadinsa. Ƙungiyar ta ɗauki darasi. A farkon 2015 aka ƙayyade wa mambobin kwamitin fasaha wa'adi, domin kada mutum ya daɗe a kujera har jama'a su gaji da shi. A 2019 kuma aka sake kaɗa ƙuri'a, aka tabbatar da systemd, tare da barin ƙofa a buɗe ga masu gwada wasu hanyoyi.

Ma'anar Kalmomi

1. gayya: taron mutanen da aka kira su taimaka da aiki ba da lada ba.
2. ɗan sa-kai: wanda ya shiga aiki don ra'ayin kansa, ba don albashi ba.
3. ƙuduri: shawarar da aka gabatar a rubuce domin a amince ko a ƙi.
4. rinjaye: fin yawa a ƙuri'a.
5. zagon ƙasa: ɓata abu a ɓoye.
6. kunnen doki: daidaituwar ɓangarori biyu, ba wanda ya fi wani.
7. wa'adi: iyakar lokacin da aka ɗiba wa mutum ko aiki.
8. ƙura ta lafa: rikici ya kwanta.

Tambayoyi

1. Wane ne ya kafa Debian, kuma a wace shekara?
2. Mene ne bambancin takardar 1997 da ta 1998?
3. Me ya sa ba a iya tilasta wa mamba yin aiki?
4. Ku kawo hanyoyi biyu da aka bi aka taƙaita ikon shugaba.
5. Wane ne ya raba gardama a Fabrairu 2014, kuma da wane iko?
6. A ganinku, waɗanda suka kafa Devuan sun yi zagon ƙasa ne? Ku kawo hujja daga cikin bayanin.

Nahawu: Lokaci Sabau

Ana amfani da lokaci sabau wajen faɗin abin da aka saba yi. Alamarsa ita ce "kan", wadda ake rubutawa a haɗe da wakilin suna: nakan, kakan, kikan, yakan, takan, mukan, kukan, sukan, akan. Misali: Mambobi sukan zaɓi shugaba kowace shekara. Wajen korewa, akan sa "ba" a farko da ƙarshe: Ba yakan zo taro ba.

(a) Ku nemo jimloli biyar masu lokaci sabau a cikin bayanin.
(b) Ku mayar da waɗannan jimloli zuwa lokaci sabau: Sakatare ya ƙidaya ƙuri'u. Mun tattauna kafin zaɓe. Ta gyara kurakurai da dare. An kai ƙara gaban kwamiti.

Aikin Aji

Ku rabu rukuni-rukuni. Kowane rukuni ya rubuta gajeren kundin tsarin mulki na ƙungiyar Hausa ta makarantarku, mai ƙa'idoji 6. Ku bayyana muƙamai, da tsawon wa'adi, da wanda zai raba gardama idan an yi kunnen doki, da kuma hanyar da mambobi za su bi su soke hukuncin shugaba. Bayan kowane rukuni ya karanta nasa, ku jera kundayen daga wanda kuka fi so zuwa na ƙarshe, malami ya taimaka muku ku gwada su biyu-biyu.

Aikin Gida

Ku rubuta insha'i mai kalmomi 200 a kan wannan karin magana: "Zo mu zauna, zo mu saɓa." Ku kawo misali ɗaya daga wannan darasi, ɗaya kuma daga garinku ko makarantarku.