Hanyoyin Bin Sawun Ɗaliban da Suka Kammala Karatun Ilimin Ƙananan Yara a Nijeriya

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci hanyoyin da cibiyoyin horar da malamai za su iya bi domin gano makomar ɗaliban da suka yaye a fannin ilimin ƙananan yara. An duba hanyoyi uku, wato takardar tambayoyi, da bayanan hukumomi, da tuntuɓar masu makarantu. Maƙalar ta nuna cewa babu hanya guda da ta wadatar, kuma ingancin sakamako ya rataya ne a kan shirin da aka yi tun ɗalibi bai bar makaranta ba.

Fitilun Kalmomi: bin sawu, ilimin ƙananan yara, aikin yi, kwalejojin ilimi

1.0 Gabatarwa

Dokar Ilimin Bai-ɗaya ta shekarar 2004 ta sanya kula da ƙananan yara da ilimantar da su cikin ilimin tushe a Nijeriya. Haka kuma, Manufar Ilimi ta Ƙasa, bugun 2013, ta tanadi shekara ɗaya ta share fage kafin shiga firamare. Domin samar da malaman wannan mataki, kwalejojin ilimi da ke ƙarƙashin kulawar hukumar NCCE da wasu jami'o'i suna koyar da fannin a matakin NCE da digiri. Sai dai yawan waɗanda aka yaye ba ya nuna yawan waɗanda suka shiga aji. Idan wanda aka horar shekara uku domin koyar da ɗan shekara huɗu ya ɓuge da wata sana'a, alhali ajin yana hannun wanda bai sami horo ba, to an yi tufka da warwara. Gano ko hakan na faruwa shi ne aikin binciken bin sawu.

2.0 Abin da Ake Aunawa

Binciken bin sawu shi ne tuntuɓar rukunin ɗaliban da suka kammala a shekara guda, bayan wani ƙayyadajjen lokaci, domin sanin inda suke da abin da suke yi. Tambayar ko mutum yana da aiki ba ta isa ba. Wajibi ne a bambance mai koyar da ƙananan yara da mai koyarwa a manyan azuzuwan firamare, domin na biyun yana da aiki, amma ba wanda aka horar da shi a kai ba. Sannan a rarrabe ma'aikacin dindindin da ɗan wucin gadi, kamar waɗanda suka koyar a ƙarƙashin shirin N-Power da aka fara a 2016. A kuma ware gurbi ga wadda ta buɗe gidan renon yara nata, da wanda ya ci gaba da karatu, da wadda ba ta neman aiki a halin yanzu. Tambaya a kan albashi ta fi amfani idan an kasa amsoshin gida-gida, ana gwada su da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024.

3.0 Hanyoyin Tattara Bayanai

3.1 Takardar Tambayoyi

Ita ce ginshiƙin binciken. Ana iya tsara ta da manhajoji irin su KoboToolbox ko Google Forms, a aika ta WhatsApp. Hanyar tana da arha, amma tana fifita mai babbar waya da kuɗin data. Don haka akwai buƙatar a bi bayanta da kiran waya, mai bincike yana karanta tambayoyin da Hausa ko Ingilishi yana cike amsoshin. Gajarta tambayoyin yana rage yawan masu yankewa a tsakiya.

3.2 Bayanan Hukumomi

Hukumar TRCN, wadda aka kafa a 1993, tana riƙe da rajistar malamai. Hukumomin SUBEB na jihohi suna da jerin sunayen masu karɓar albashi, yayin da hukumar UBEC ta gudanar da ƙidayar ma'aikata a 2018 da 2022. Idan aka gwada sunayen waɗanda aka yaye da waɗannan bayanai, za a gano wasu ba tare da an kira kowa ba. Amma kowanne yana da iyaka. Rajista tana nuna cancanta ne, ba ta nuna cewa mutum yana aji. Jerin albashi kuwa na ma'aikatan gwamnati ne kawai, ba ya ɗauke da malaman makarantun kuɗi da na Islamiyyu masu ajin yara. Duk wanda ya dogara da shi kaɗai zai lissafa masu aiki cikin marasa aiki.

3.3 Tuntuɓar Masu Makarantu

Shugabannin makarantu su ne ke ganin aikin malami da idonsu. Hira da su tana bayyana ko malamin ya iya koyarwa ta hanyar wasa da waƙa, ko ya iya amfani da harshen uwa, ko kuwa yana cika allo da rubutu ga yaran da ba su iya riƙe fensir ba. Irin wannan bayani shi ke taimakawa wajen gyara manhajar karatu.

4.0 Zaɓen Lokaci

A Birtaniya an daɗe ana tuntuɓar ɗalibai wata shida bayan kammalawa, daga baya aka koma wata goma sha biyar. A Nijeriya dole a yi la'akari da hidimar ƙasa ta shekara ɗaya. Mai digiri da aka tuntuɓa yana tsakiyar hidimar zai ce yana koyarwa, alhali koyarwar ta ɗan lokaci ce. Masu NCE kuwa ba sa zuwa hidimar ƙasa. Saboda haka bai dace a auna rukunonin biyu da ma'auni ɗaya ba. Ya fi dacewa a ƙirga wa mai digiri daga ranar gama hidima, sannan a sake tuntuɓar kowa bayan shekara uku domin ganin wanda ya dore a koyarwa.

5.0 Matsalar Waɗanda Ba Su Amsa Ba

Nan ne gizo ke saƙa. A ƙaddara cewa wata kwaleji ta yaye ɗalibai 200, sai 60 suka amsa, 45 daga ciki suna koyarwa. Rahoto zai iya cewa kashi 75 cikin ɗari sun sami aiki. Amma abin da aka tabbatar shi ne mutum 45 cikin 200, wato kashi 22.5. Sauran 140 ba a san halinsu ba, kuma akwai yiwuwar mai aiki ya fi saurin amsawa a kan wanda ke jin nauyin cewa yana zaune. Haka nan aure da sauyin gari da sauya layin waya sukan sa a rasa inda wasu suke.

Maganin ya fara ne tun kafin yayewa. A zangon ƙarshe a karɓi lambobin waya biyu na kowane ɗalibi, da ta wani ɗan'uwa, tare da rubutaccen izininsa, domin Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa mai tattara bayanan mutane nauyin kiyaye su. A riƙa sabunta lambobin ta hannun wakilan aji. Bayan an rufe karɓar amsoshi, a zaɓi wasu ta hanyar ƙuri'a daga cikin waɗanda suka yi shiru, a neme su har a same su. Idan amsoshinsu sun sha bamban da na farko, to a yi hattara da sakamakon.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa takardar tambayoyi tana ba da zurfi, bayanan hukumomi suna tabbatarwa, masu makarantu kuma suna bayyana inganci. Haɗa su shi ne mafita. Ana ba da shawarar kowane sashe ya ɗora alhakin wannan aiki a kan ma'aikaci guda, ya yi amfani da tambayoyi iri ɗaya kowace shekara domin a iya kwatantawa, kuma kowane rahoto ya bayyana adadin waɗanda aka yaye da waɗanda aka samu da waɗanda suka amsa.