Keken ɗinki mai tsada yana da ƙarko?

Wata mai sauraronmu daga Zariya ta tambaya ko kekunan ɗinki masu kwamfuta, irin Bernina na Suwizalan da Janome na Japan, suna da ƙarko.

Hajiya, suna da shi, sai dai ba su da haƙurin keken Butterfly. Zare mai araha yana tara musu gashi a ƙarƙashin farantin allura, ɗinki ya riƙa tsallake. Kowane keke da kwarkwaron zarensa, na wani ba ya zama daidai. Babbar matsalarsu wuta ce: idan ta yi sama, allon kwamfutar ya ƙone, gyaransa kuma akwai tsada. Wanda aka kawo daga Amurka, duba ko na wuta 120 ne, tamu 230 ce. Ki haɗa kekenki da sitabilaiza, ki rufe shi lokacin hunturu saboda ƙura.