Yayana ya ce karatun mahaukata nake yi

Ni ɗaliba ce a wata jami'a a Amurka, ina shekarar ƙarshe. Babban fannina aikin akanta ne, amma a nan ana barin mutum ya haɗa da ƙaramin fanni, sai na zaɓi ilimin halayyar ɗan Adam. Saura kaɗan in kammala shi.

Ranar sallah na kira gida ta bidiyo, falo cike da mutane. Yayana ya karɓi wayar ya ce wai an tura ni karatun kuɗi na ɓige da karatun mahaukata. Kowa ya kwashe da dariya, har da matarsa. Umma tana zaune, uffan ba ta ce ba.

Malam, shi fa ya fi kowa sanin dalilina. A gabansa yayarmu ta shiga wani hali bayan haihuwarta ta fari: ta daina cin abinci, ta daina magana, a miƙa mata jaririn ta juya baya. Aka yi ta cewa iska ce. Abin da ya ja ni ga karatun ke nan, shi ne kuma ya mayar abin dariya. Daga abin da na karanta, na tabbata yana da cutar son kai, alamomin duk sun cika. Yanzu ya ce in cire darussan ko ya janye hannunsa. Tun ranar ban ƙara ɗaga wayarsa ba. Dariyar nan ta hana ni barci. Me zan yi?

Ƙanwarka, daga Amurka

To, ƙanwata. Yayanki bai kyauta ba, waɗanda suka taya shi dariya ma haka. Na daɗe ina faɗa a wannan fili cewa kalmar "mahaukaci" ita ke tsare mara lafiya a ɗaki har ciwo ya ci ƙarfinsa. Ilimin nan kuma ba baƙo ba ne a wurinmu. Fiye da shekara dubu da suka wuce Abu Zaid al-Balkhi ya yi littafi kan lafiyar jiki da ta rai, ya yi bayanin tsoro da baƙin ciki da waswasi. Farfesa Malik Badri na Sudan, wanda ya rasu a 2021, ya ƙarar da rayuwarsa kan yadda Musulmi zai riƙe wannan fanni ba tare da ya saki addininsa ba. A Nijeriya kuwa sai a farkon 2023 aka sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Muna buƙatar irinki, ba kaɗan ba.

To amma ke ma zan ja miki kunne. Wa ya ba ki ikon sa wa yayanki sunan cuta? Ƙaramin fanni a yawancin jami'o'in Amurka darussa biyar ne zuwa bakwai, wajen kiredit 15 zuwa 21 cikin kimanin 120 na digiri gaba ɗaya. Leƙen ɗaki ne ta taga. Mai lasisin wannan aiki a can sai ya yi digirin digirgir, ya yi aiki ƙarƙashin kulawar ƙwararru, ya ci jarrabawa, kuma ko shi ƙa'idar aikinsa ba ta son ya mayar da ɗan'uwansa majinyacinsa. Shi ya jefe ki da "mahaukata", ke kin rama da "cuta". Duk kun ɗauki rashin lafiya kun mayar da ita zagi. Shi bai karanta ba. Ke kin karanta.

Sannan kin ce "saura kaɗan". Kaɗan nawa? Ba ki gaya mini ko darussan za su shiga cikin zangon da ya rage miki ba, ko sai an ƙara wani. Ba ki kuma faɗi wa ke biyan kuɗin ba, ko da yake "ya janye hannunsa" ya ba ni amsa. Mutumin da ke neman dala da kuɗin naira yana da haƙƙin tambaya, ko da bakinsa bai iya tambayar ba.

Ki je wurin mai ba ki shawarar karatu, a rubuta miki darussan da suka rage da lokacin da ake koyar da kowanne. Daga nan ki wuce ofishin ɗaliban waje. Takardarki ta shaidar ɗalibta, wato I-20, tana da wa'adi, ƙari kuma sai an nema kafin ya cika, kuma ba kowace jami'a ke yarda ta ƙara shi saboda ƙaramin fanni kaɗai ba. Ki sani kuma izinin aikin bayan karatu, wato OPT, da babban fanni yake tafiya. Idan darussan za su shiga ba tare da ƙarin kuɗi ba, ki gama abinki. Idan sai an ƙara zango, ki haƙura: abin da kika riga kika ci yana nan a takardar sakamakonki, masu ɗaukar ɗaliban digiri na biyu kuma darussan suke dubawa, musamman ƙididdiga da hanyoyin bincike. Maganar ci gaba da ƙaurace wa wayarsa kuwa, ba zan ɓata tawada a kanta ba.

Tambayar da ta fi damuna ba ki yi ta ba. Ya jikin yayarki yanzu? Ni ba zan sa wa ciwonta suna daga nesa ba, amma likitoci sun san irin wannan hali bayan haihuwa, yana da magani, kuma yana iya dawowa a wata haihuwar. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri, Kano ma akwai na Dawanau. Ganin likita bai hana addu'a. Idan har yau ba a kai ta ba, wannan ya fi kowane kiredit gaggawa, kuma yayan nan naki shi ne zai iya kai ta.

Ki kira shi cikin makon nan, ki gaishe shi yadda ya kamata, ki gaya masa dariyar ta yi miki ciwo, sannan ki karanta masa lissafin da ofishin ya ba ki. Allah Ya daidaita tsakaninku.