Tudun Auduga Da Kufan Hirafolis

'Yan'uwa, a darasin labarin ƙasa an koya mana cewa ruwa yana cin dutse. To, ni kuwa zan ba ku labarin inda ruwa yake gina dutse, wurin da na sami zarafin ziyarta lokacin hutu. Sunansa Pamukkale, watau "fadar auduga" da Turkanci, yana kusa da birnin Denizli a kudu maso yammacin Turkiyya.

In ka hango shi daga nesa, sai ka ce auduga aka tara ranar awo. Tsayin tudun ya kai mita 160. Da na matso sai na ga dutse ne fari fat, hawa-hawa kamar matakala, kowane hawa da kwarminsa kamar akushi, cike da ruwan ɗumi.

Ga yadda abin yake. Ruwan sama yakan nutse can ƙasa ya yi zafi, ya gauraya da iskar kabon, irin wadda muke fitarwa in mun numfasa, ya narkar da dutsen farar ƙasa. In ya ɓullo ta tsagar ƙasa da zafin wajen digiri 35, sai iskar ta fice, kamar an buɗe kwalbar lemo. Ruwan kuwa ba ya iya riƙe farar ƙasar in ba iskar, sai ya yi ta zubar da ita a hanya. Da kaɗan-kaɗan, cikin shekaru dubbai, ta zama tudu.

Da na hau ƙwanƙolin tudun sai na tarar da kufan birnin Hirafolis, wanda Bulus ya ambata a wasiƙarsa zuwa ga Kolosiyawa. Sarakunan Fargamos suka kafa wurin wanka a nan a ƙarni na 2 kafin haihuwar Almasihu, masu ciwo suna ta zuwa neman magani. Na ga babban dandalin wasan kwaikwayo na Romawa, na kuma ratsa makabarta mai kabari fiye da 1,200.

Ku lura da wannan. Tsagar ƙasar da take ba da ruwan, ita ce take kawo girgizar ƙasa. A shekara ta 60 girgiza ta rushe birnin, aka sake gina shi. A ƙarni na 14 kuwa ya zama kufai. Abin da ya tara mutanen, shi ya watsa su.

Tudun ma bai tsira ba. Daga wajen 1960 aka gina otal-otal a kansa, aka janye ruwan zuwa wuraren wankansu, har dutsen ya fara baƙi, gama in ruwa bai bi kansa ba, farinsa yakan dushe. Bayan da UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1988, aka rushe otal-otal ɗin. Yanzu ba mai taka farin dutsen da takalmi. Ni ma nawa a hannu na riƙe.

Mu da za mu tsaya gaban yara, ba sai mun kai su Turkiyya ba. A nemi tsohuwar butar shayi wadda aka daɗe ana dafa ruwan rijiya a ciki, a nuna musu farin ɓawon da ya manne a gindinta. Irin dutsen ke nan. A bar su su kankare shi da cokali, sa'an nan a tambaye su wata nawa ya yi yana taruwa, minti nawa kuma suka yi suka kawar da shi.